Awon cutar korona iri biyu ne: na hanci da na jini

Ranar 19 ga watan Maris na shekarar 2020 ce hukumomin kiwon lafiya suka ba da sanarwar samun mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a ƙasar Nijar, cikin birnin Yamai. Ba da duban ido aka gane shi ba. Zazzaɓi da tari da ciwon gaɓoɓi da kasala alamomi ne da mura da zazzaɓin cizon sauro su ma suke zuwa da su, shi ya sa likita, komi ƙwarewarsa, ba ya tabbatarwa sai da awo. To, awon nan iri biyu ne, kowane da tambayar da yake amsawa. Ɗaya yana neman ƙwayar cutar ita kanta, ya faɗi ko tana jikin mutum ranar da aka auna shi. Ɗayan kuwa alamar da ta bari cikin jini yake nema. Mutane da dama, har cikin ma'aikatan gwamnati, sukan ce "an auna ni" kawai, ba tare da sun san wane awo aka yi musu ba.

Ƙwayar korona a hanci da maƙogwaro take fara sauka. Can take hayayyafa, daga can kuma take fita cikin tari da atishawa da numfashi ta kama wani. Saboda haka can ake zuwa nemanta. Ma'aikacin gidan likita yakan zura siririn tsinke mai auduga a kai cikin hanci, ya kai shi ciki sosai, ya jujjuya, ya fitar. Abin yana kawo ƙwalla, amma nan da nan ake gamawa.

Idan awon da ake kira PCR ne, sai a sa tsinken cikin ƴar kwalba a kai ɗakin bincike. Kowace ƙwayar cuta tana da rubutun halittarta wanda ya bambanta ta da sauran. Injin PCR yana kama guntun wannan rubutu ya yi ta ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. In an ninka sau 30, guntu ɗaya ya haura miliyan dubu, injin kuma ya gan shi. Wani masani Ba'amurke, Kary Mullis, shi ya ƙago dabarar a shekarar 1983. A farkon annobar, cibiyar binciken cututtuka ta CERMES da ke Yamai ita ta ɗauki nauyin wannan aiki, kafin daga baya a kai kayan awo manyan biranen jihohi. Wanda ya san tsakanin Damagaram da Yamai, tafiyar wajen kilomita 900, ya san abin da jiran sakamako yake nufi ga iyalin da suke da majinyaci kwance. Wannan awo ne kuma aka riƙa neman takardarsa a filin jirgin sama, har ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka daidaita kuɗinsa a kan jika 25 ga matafiyan jirgi a shekarar 2021.

Daga ƙarshen shekarar 2020 aka samu awon hanci na gaggawa, wanda ba ya bukatar inji. Ana ɗiga ruwan da aka tsoma tsinken ciki a kan wani ɗan allo na roba, cikin minti 15 zuwa 30 layi ya fito. Yana da sauri da araha, amma ganinsa bai kai na PCR ba: sai ƙwayoyin sun yi yawa yake kama su. In ya nuna akwai cuta ga mai tari da zazzaɓi, a yarda da shi. In ya ce babu alhali alamomin suna nan, sai a sake bayan kwana biyu, ko a nemi PCR. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Wanda ya zauna da majinyaci jiya, ya je awo yau, galibi ba a ganin komi, domin ƙwayar ba ta riga ta yawaita ba. Wajen kwana biyar ake jira. PCR kuma yakan ci gaba da ganin tarkacen matattun ƙwayoyi makonni bayan mutum ya warke, wani lokaci har wata uku.

Awon jini shi ne inda ruɗanin yake. Idan cuta ta shiga, jiki yakan ƙera wasu ƙwayoyin garkuwa na musamman domin yaƙarta, waɗanda ma'aikatan lafiya suke kira "antikor" da Faransanci. Ba rana ɗaya ake ƙera su ba. Sai bayan mako ɗaya zuwa uku suke bayyana cikin jini, sannan su daɗe watanni bayan cutar ta wuce. Mai awon hanci ɓarawon yake nema cikin gida; mai awon jini sawunsa yake dubawa a ƙofa.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya komo Maraɗi daga fatauci, kwana uku yana tari. Aka soki yatsansa, aka ce ba a ga komi ba. Gaskiya aka faɗa masa, garkuwar ba ta fito ba tukuna, alhali kuwa kwanakin nan ne ya fi yaɗa cutar. Ya koma gida da kwanciyar hankali, ya shiga ɗakin tsohonsa mai ciwon sukari ya zauna gaisuwa. Wani kuma da ya warke tun wata biyu, aka ga garkuwa cikin jininsa, sai maƙwabta suka riƙa gudunsa a banza.

Jama'a ba su da laifi sosai a nan, don abin da suka saba da shi ne ya yaudare su. Ɗan allon awon garkuwa kamarsa ɗaya da na zazzaɓin cizon sauro, wanda kowace uwa ta sani: sukar yatsa, ɗigon jini, layi biyu, a ba da magani. Amma shi na zazzaɓin, alamar ƙwayar cutar kanta yake kamawa, domin cikin jini take zaune. Awon gaggawa na cutar sida kuwa garkuwa yake nema, kuma ga babban mutum ganinta yana nufin cutar tana nan, saboda ƙwayar sida ba ta barin jiki. Korona tana barinsa. Kalmar "an gani" ɗaya ce, ma'anarta ce ta sha bamban.

Ganin garkuwa kuma ba takardar tsira ba ce. Tun cikin watan Afrilu na 2020 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta gargaɗi gwamnatocin da suke tunanin ba masu garkuwa takardar izinin tafiya da komawa aiki. Lokaci ya gaskata ta: da sababbin launukan ƙwayar suka ɓullo, irin su Delta da Omikron, mutane masu yawa sun sake kamuwa karo na biyu da na uku. Bugu da ƙari, tun da aka fara allurar rigakafi a Nijar ƙarshen watan Maris na 2021, ita ma allurar tana sa jiki ƙera garkuwa, don haka ganinta bai isa shaida cewa mutum ya taɓa kamuwa ba.

Amfanin awon jini na hukuma ne fiye da na majinyaci. In aka auna jinin ɗaruruwan mutane daga unguwanni daban-daban, sai a gane iyakar inda annoba ta kai a ɓoye. A Nijar, waɗanda aka tabbatar sun kamu ta hanyar awo sun haura 9.000, waɗanda aka ƙidaya sun rasu kuma sun haura 300, cikinsu har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, wanda ya rasu a watan Mayu na 2020. Ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 20, lissafin kaɗan ne. Amma a watan Afrilu na 2022 OMS ta bayyana sakamakon awon jini da aka tattara daga ƙasashen Afirka, wanda ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen nahiyar sun riga sun kamu zuwa watan Satumba na 2021, wato kusan ninki 100 na abin da aka rubuta. Yawancinsu ba su ji komi ba, ko sun ɗauka mura ce ta sanyin hunturu.

Ranar 5 ga watan Mayu na 2023 OMS ta janye matakin gaggawa na duniya da ta sa a kan korona. Ƙwayar dai ba ta ɓace ba, tana nan tana zagayawa tare da mura, kuma tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya su ne har yanzu ta fi kayarwa. Mai tari da zazzaɓi da ya je gidan likita yana da ikon tambayar ma'aikaci wane awo ne za a yi masa, da abin da sakamakon zai nuna. In ana son sanin ko korona ce take damunsa a ranar, daga hanci za a ɗauka. Kafin sakamako ya fito, ya rufe hanci da baki, ya ɗan nisanci ɗakin tsofaffin gida, a kuma auna masa zazzaɓin cizon sauro, domin cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.