Matashin ɗan fim: suna a gari, aljihu a hannun wani

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya finafinai a garin Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. An yi maganar naira biliyan 3 da fili hekta 20, da ɗakunan ɗaukar hoto da sauti, da wurin horaswa, da masauki. Ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, shi ne kan gaba wajen jawo aikin. Malamai suka hau mumbari suka ce ba su yarda ba, wannan hanya ce ta ɓata tarbiyya. Jama'a da yawa suka mara musu baya, wasu na cewa da a yi wannan gara a zuba kuɗin a asibiti ko noman rani. Ba a je ko'ina ba aka janye maganar.

Damuwar iyaye a lokacin ba ta banza ba ce. Sai dai gini aka hana, ba sha'awa ba. Yaron Kiru ko na Tudun Wada da fim ya shiga ransa bai fasa ba. Yana nan a shagon caji na Kwanar Ɗangora, an tura masa sabon fitowar Labarina ko Izzar So a waya, yana maimaita maganar jarumi har da yadda yake ɗaga gira. Ranar da ya tara kuɗin mota zai sauka Kano ya nufi titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suke. Abin tambaya shi ne, me zai tarar?

Ubangida zai nema. Haka aka san shiga Kannywood tun fil azal. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, masana'antar ta tashi ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, inda babba ke jan ƙarami, kuma har yau ba ta rabu da wannan ɗabi'a ba. Sabon shiga yakan fara da riƙe jaka, da sayo ruwa, da jan wayar fitila a lokeshan. Wata rana wanda aka sa ran zai fito a direba ko maigadi bai zo ba, darakta ya waiga ya ce, "Kai, zo ka tsaya nan." Sin ɗaya, magana biyu. In an tashi da daddare a miƙa masa abin da ake kira sallama, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ba zai ƙirga a gaban mutane ba, don ƙirgawa rashin kunya ce.

Wannan tsari ya fitar da mutane, kada a raina shi. Ali Nuhu, wanda aka haifa a 1974, ya yi suna da Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, daga baya kamfaninsa na FKD ya zama makaranta ga matasa da dama. Rahama Sadau ta fito a 2013 cikin Gani Ga Wane. A 2017 Ali Nuhu ya ɗauko mawaƙi Umar M. Shareef da Maryam Yahaya ya ɗora su a kan Mansoor, suka kwana sababbi suka tashi taurari. Amma wanda ya dace da ubangida mai tsoron Allah shi ya more. Wanda bai dace ba, ba shi da inda zai kai kuka.

A shekarar da aka haifi Ali Nuhu, wato 1974, aka haifi Leonardo DiCaprio a Amurka. Masu kallo a nan da Titanic suka san shi, fim ɗin 1997, amma kafin nan ya sha tallace-tallace a talabijin yana yaro, ya fito a wasan Growing Pains a 1991. Hanyar matasan 'yan wasa a can ke nan: talla, sai ƙaramin fitowa a wasan talabijin, sai a ba ka gurbi na dindindin, in ka yi sa'a fim ya kira ka. Zendaya ma ta tashar Disney ta biyo a 2010, shekara goma bayan nan ta karɓi lambar Emmy tana da shekara 24. Can ma dubbai ne ke zuwa gwaji ana sallamar su hannu rabbana, kuma yara da yawa da suka yi suna da wuri sun ƙare a shaye-shaye. Ba aljanna ba ce. Bambancin da ya dame ni ɗaya ne: takarda.

Takardar nan ma ba a banza suka same ta ba. Jackie Coogan yaro ne ɗan shekara shida zuwa bakwai lokacin da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid na 1921. Ya tara miliyoyin daloli kafin ya balaga. Da ya kai munzali ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da mijin da ta aura sun yi wadaƙa da ita. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Shekara guda bayan haka jihar Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa. A yau dole ne a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro ɗan wasa a zuba a asusun da ba mai taɓawa sai ya cika shekara 18. An ƙayyade awannin da zai yi a wurin aiki gwargwadon shekarunsa, kuma in ranar makaranta ce sai an kawo malami ya ba shi karatun awa uku a nan lokeshan ɗin. Manya kuma suna da ƙungiya mai ƙarfi da ke yanka mafi ƙarancin abin da za a biya, da ladan da za a ci gaba da ba ɗan wasa duk lokacin da aka sake haska aikinsa. A 2023 sun yi yajin aikin kwana 118, kuma wannan lada na cikin abin da suka tsaya a kai.

Mu dawo gida. A farkon 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun zamanin gidajen talabijin na gwamnati, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta in ta yi fim. Gari ya ɗauka. Wasu manyan furodusoshi suka fito suka ce sun biya ta abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Aka yi ta ja-in-ja a Facebook da Instagram, kowa da rantsuwarsa. Ni abin da na lura da shi shi ne, da sa hannu a takarda al'ada ce a masana'antar, da rigimar ba ta kwana ba. Idan wadda ta tsufa a sana'ar ta samu kanta a wannan hali, yaya yarinya 'yar shekara goma sha takwas da ta zo jiya?

Akwai kuma yara ƙanana. Maryam Booth tana 'yar firamare ta fara fitowa, amma mahaifiyarta, marigayiya Zainab Booth, 'yar wasa ce, tana kusa tana gani. Ta girma a ciki har ta ci lambar yabo ta AMAA a 2020 da The Milkmaid. Ahmad, ɗan Ali Nuhu, shi ma a gaban mahaifinsa ya yi ƙuruciyarsa ta fim. Waɗannan 'yan gida ne. Yaron da aka aro daga unguwa don ya yi kukan maraya a sin uku, wa ya san ƙarfe nawa ya bar lokeshan, wa ya tambayi ko yana da jarrabawa washegari, kuma a hannun wa kuɗinsa ya tsaya?

Shi kansa kuɗin fim bai cika riƙe jarumi ba. Kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, masu turawa a waya suka gaje ta. Zuwan Arewa24 a 2014, da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan finafinai masu dogon zango a YouTube, ya sa aiki ya ɗan samu tsari, domin wanda ya shiga shiri mai zango-zango ya san zai daɗe yana aiki. Duk da haka, yawancin abin da ke shiga aljihun fitaccen matashi daga gefe yake zuwa: tallan kaya, rakiyar 'yan siyasa, kyautar masoya, wasan gala. Hanya kuwa tana cin mutane. Ahmad S. Nuhu yana tsakiyar tashensa ya rasu a hatsarin mota a yankin Azare ranar 1 ga Janairun 2007, yana kan hanyar Maiduguri wasan Sallah.

Ga matashin kudancin Kano da ya ƙudurta sai ya yi, akwai ƙofofin da ba sai ta jakar ubangida ba. Titin da ya ratsa dajin Falgore shi ne na Jos, inda Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take a ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna da sashen wasan kwaikwayo. Wanda ya iya kyamara ko tace hoto ko rubutun labari, ko fuskarsa ta daina sayarwa yana da abin yi.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta saba yi wa 'yan wasa rajista, ta saba dakatar da wanda ta ga ya kauce, haka ma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN. Ƙarfin da ake dakatarwa da shi ya isa a ce wa furodusa: kafin a duba fim ɗinka, kawo takardar yarjejeniyar kowane ɗan wasa, in akwai yaro a ciki, kawo sa hannun waliyyinsa, da awannin da ya yi, da lambar asusun da aka zuba masa rabonsa.