Sigarin Lantarki a Aljihun Farar Riga

Hon Lik, ɗan ƙasar Sin da ya haɗa sigarin lantarki irin na yau a 2003, masanin harhaɗa magunguna ne. Mashayin taba ne na ƙin ƙarawa, kamar mahaifinsa wanda ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa, kuma hanyar rabuwa da taba yake nema. Saboda haka idan aka ga abin a aljihun ɗalibin likitanci ko ɗalibar aikin jinya, gida ya dawo. Sai dai da yawansu ba su taɓa kunna karan sigari ba, balle a ce bari suke son yi.

Tambayi ɗayansu, sai ya ce maka ai tururin ruwa ne kawai. Wane ruwa? Wanda ya ci jarrabawar kimiyyar sinadarai bai kamata ya furta wannan ba! Abin da ke cikin 'yar tankin nan gilisarin ne da sinadarin firofilin gilaikol, da nikotin, da kayan ƙamshi na mangwaro ko na'ana'a. Batir ya zafafa wata 'yar waya, ruwan ya tashi ya zama ƙananan ɗigo masu ratsawa har ƙuryar huhu. Kayan ƙamshin kuwa don ciki aka amince da su, ba don huhu ba.

Wasu kan kafa hujja da rahoton hukumar lafiyar Ingila na 2015, mai cewa illarsa ta yi ƙasa da ta sigari da kusan kashi 95 cikin ɗari. To, ai da sigari aka auna, ba da iskar Allah ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne nikotin ɗin. Na da yana kartar maƙogwaro, sai mutum ya yi tari ya dakata. Kamfanin da ya fito da sigarin lantarki na Juul a Amurka a 2015 ya gauraya shi da wani asid, ya zama "gishirin nikotin" mai wucewa sumul. Kamfanin da kansa ya ce nikotin ɗin ƙwanson ruwan Juul ɗaya daidai yake da na kwalin sigari mai kara 20. Kara yana ƙarewa, a jefar da guntu, a san an sha ɗaya. Na lantarki kuwa babu toka, babu warin da malamin asibiti zai ji a riga, ana zuƙa ana juya shafi har asuba a makon jarrabawa. Cikin 'yan daƙiƙu nikotin ya isa ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, kuma yawancin ɗaliban ba su kai nan ba.