Gwajin Trovan a Kano: Wa Ya Tambayi Iyayen?

A bazarar 1996 sanƙarau ya yi wa Arewa kamun kazar kuku. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, aka rasa wajen 12,000, yawancinsu yara. A Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse har ana shimfiɗa majinyata a ƙasa. Likitocin ƙungiyar MSF, na gari na kowa, suna ciki suna yi wa yara allurar da aka saba ba wa mai sanƙarau.

Cikin wannan hali ne wata tawaga ta kamfanin magunguna na Pfizer ta iso daga Amurka da sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara kimanin 200, suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, wadda duniya ta riga ta yarda da ita, don a gwada a ga wanne ya fi. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda suka sami Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu sun rayu da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma, annoba kuwa tana nan tana ci.

Bari in faɗi abin da kamfanin ya dogara da shi, domin adalci ya wajaba ko a kan wanda zuciya ke jin haushinsa. Pfizer ta ce sanƙarau ne ya kashe yaran, ba magani ba, kuma cutar da ma tana barin irin wannan nakasa. Ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ta kula da su sun rayu. Ta kuma ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Akwai ma hujjar da ni kaina nake ganin nauyinta: Trovan ana iya haɗiyarsa, kuma maganin sha a lokacin annoba, a ƙauyen da babu mai yin allura, ba ƙaramar rahama ba ce da ya tabbata yana aiki.

Amma iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Ba a kawo takardun da suka sa wa hannu ba. Sun ce ba a sanar da su cewa a cikin harabar nan akwai wasu likitocin da ke ba da sanannen magani kyauta ba. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, an rubuta ta ne daga baya aka sa mata tsohon kwanan wata. An kuma zargi tawagar da rage adadin ceftriaxone da ake yi wa yaran da ake gwada su da na Trovan. Shi kuwa Trovan, Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, sannan a 1999 ta taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwar da ke tsaye a layi da yaro a kafaɗa, wuyansa ya sandare, jikinsa kamar garwashi. Bature sanye da farar riga ya miƙo hannu. Ko da an yi mata bayani, me kunnenta zai ji? A wurinta duk wanda ke cikin asibiti ya zo ceto ne. Ba ta san akwai likitan da aikinsa warkar da ɗanta ba, akwai kuma wanda, ban da wannan, yana neman amsar wata tambaya da za a kai wa hukumar magunguna ta wata ƙasa. Yarda ta gaskiya tana bukatar mutum ya san ana gwaji, ya san haɗarin, ya san akwai wata hanya, kuma ya tabbata in ya ce a'a ba za a kori ɗansa ba. In ɗaya daga ciki ya ɓace, "to, likita" ɗin da ta faɗa tsoro ne da ladabi.

Kuma ba a iya cewa duniya ba ta san ƙa'idar ba. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi a Nurembag, aka rubuta cewa amincewar mutum bisa son ransa ita ce sharaɗi na farko. Yarjejeniyar Helsinki ta 1964 ta ƙara jaddadawa. Amurka da kanta ta sha kunyar Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani, don a ga yadda cutar ke cin jiki.

Gwamnatin Kano ta kai Pfizer ƙara a 2007. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, miliyan 35 daga ciki na iyalan yaran. Sai a 2011 aka fara biya, iyalai 4 suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka. Shekara 15 ke nan da annobar.

Sai dai asarar ta wuce ta iyalan nan. A 2003, da jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna na hana haihuwa, Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004. Dalilan suna da yawa, har da siyasa, amma duk mai musu a majalisa yana da hujja guda a bakinsa: ai sun taɓa yi. Cutar shan inna ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiya. Yaran da suka gurgunce a wannan tsakanin ba su taɓa jin sunan Trovan ba.

Ina jin tsoron kada wani ya karanta wannan ya ce to a daina gwaji a kanmu kwata-kwata. Wannan ma cutar da kai ne. Maganin da ba a gwada a jikin yaranmu ba, a yanayinmu, da ka za a riƙa ba su. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta biyo baya a 2011, ta kusan shafe irin sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996. An gwada ta ne a Mali da Gambiya da wasu ƙasashe, a jikin 'ya'yan talakawa irin namu, amma bayan an zauna da shugabannin al'umma, an yi wa iyaye bayani, an bar musu zaɓi.

Maganar ba ta tsaya ga manyan kamfanoni ba. Kullum a asibitocinmu ana miƙo takardar tiyata da Turanci a ce "Baba, dangwala nan." Ana kiran miji ko wa a gefe a faɗa masa abin da ke damun mace, ita tana kwance tana kallon bakinsu. Na san likita ɗaya kan duba mutane da yawa fiye da ƙima a wuni, na kuma san a al'adarmu iyali kan raba nauyin mummunan labari, kuma akwai jinƙai a cikin haka. Duk da haka jikin nata ne, ita za a yanka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da haɗarinsu, da 'yancinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji kuma daidai da iliminsa. Don haka in an miƙo maka takarda, kana da hurumin cewa a karanta maka ita da Hausa, ka tambayi sunan maganin, ka tambaya ko gwaji ne, ka kuma ji abin da zai faru in ka ce ba ka so.