Falke, Malamin Makaranta, Matar Aure: Hanyoyin da Marubutanmu Suka Biyo

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su ƙaga masa labarai da Hausar boko. Yara sun fara iya karatu a makarantun elementare, amma babu wani littafi mai daɗi da zai riƙe su. Aka sa gasa, aka sami littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku daga cikin marubutan malaman makaranta ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Yayansa Malam Bello Kagara shi ma malami ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana riƙe da alli a Midil ta Bauci, babu wanda ya san wata rana shi zai zama Firayim Minista.

Babu mamaki a cikin wannan, domin a lokacin masu boko ba su da yawa, kuma yawancinsu aji aka tura su. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda rayuwar kowannensu ta biyo shi har cikin littafinsa. Malam Bello ya girmi Imam da kusan shekara ashirin, ya ga zuwan Turawa da wayonsa, shi ya sa Ganɗoki ya buɗe da yaƙin Kwantagora da Nasara, da zafin wanda abin ya faru a ƙofar gidansu. Imam kuwa malanta ce ta ƙi sakinsa. Ku duba Magana Jari Ce, wanda aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta, aka fara bugawa a 1937. Aku yana ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, daidai yadda malami ke lallaɓa yara kada hankalinsu ya koma taga. A littafi na uku ma abin ya fito fili, aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban aji ba, ba na jin zai tsara littafi haka. Daga nan kuma rubutun ne ya sauya masa sana'a: a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ni ma malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata jimla da nake yawan ji daga bakin manya, ba yara ba. Ma'aikaciyar asibiti za ta ba ka labarin da zai hana ka barci, ka ce mata Hajiya ai wannan littafi ne, ki rubuta mana, sai ta ce, "Malam, mu ina muka ga rubutu? Ai sai ku da kuka karanci Hausa a jami'a." Wannan magana tana yi mini ciwo, domin tarihin adabinmu gaba ɗaya ya ƙaryata ta. Karatun jami'a ya koya mini nahawu da yadda ake feɗe waƙa, kuma ina godiya. Amma bai ba ni abin da ita ta gani a ɗakin haihuwa da ƙarfe ukun dare ba.

Tun kafin boko ma haka abin yake. Alhaji Umaru, wanda ake kira na Salga ko na Karaci, an haife shi a Kano wajen 1858, ya tashi yana bin ayarin fatake a hanyar Gwanja, hanyar goro. Yana tafe yana karatu, duk inda aka yada zango ya nemi malamin garin. Ya zauna a Salga, a Ghana ta yau, bayan yaƙin basasar garin ya koma Kete-Karaci, inda ya rasu a 1934. Shi ne ya yi waƙar talauci da wadata, ya yi ta zuwan Nasara, ya kuma rubuta bayanai masu yawa a kan sana'o'in Hausawa da al'adunsu. Wanda ya kwana a zango da fatake ya san yadda ake tarbar mai kaya da yadda ake kallon wanda jarinsa ya karye, kuma wannan sanin ne ya zuba a waƙa. Malam Aliyu Namangi na Zariya kuwa makaho ne tun yana ƙarami. Da kunne ya yi karatu, da ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta, kuma waƙar ta shiga lungunan da littattafan masu ido da yawa ba su taɓa leƙawa ba. Sa'adu Zungur ta fannin lafiya ya biyo, ya yi karatu a Yaba, ya koyar a makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya, sannan siyasa ta ɗauke shi, waƙoƙinsa suka zama makami.

Babbar ƙofa ta buɗe ne a shekarun 1980, kuma mata ne suka fi tura ta. A gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya sa, wadda littattafanta suka fito a 1980, an sami So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, littafin ƙagaggen labari na farko da wata mace ta fitar da Hausa. Matar aure ce mai 'ya'ya, ba malamar jami'a ba. Bayan 'yan shekaru tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa a Kano suka fara tara kuɗinsu suna kai rubutunsu wurin masu injin buga takardu, suna rarraba wa 'yan kasuwa da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fara da makarantar allo ya sami boko ta ajin manya, ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin ya karaɗe ƙasar Hausa. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama.

A cikin wannan ayari, labarin da na fi so in tsaya a kansa shi ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, amma wannan bai hana a cire ta daga makarantar firamare a yi mata aure tana da shekara goma sha 'yan kai ba. Auren bai daɗe ba ya mutu, ta dawo gida. Kamar yadda ta sha faɗa a hirarraki, da sunan koyon ɗinki da saƙa ta riƙa fita, alhali ajin yaƙi da jahilci take zuwa, a can ta ƙware a karatu da rubutun Hausa. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya. Sai Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu birni, ta yi karatu har ta tsaya da ƙafarta. Ba sai an gaya wa mai karatu daga ina wannan labari ya fito ba.

Amma ni Alhaki Kuykuyo Ne ya fi kama ni. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma cefanen da yake bayarwa ba ya kai wa ko'ina. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne lissafin cikin gida: nawa aka bayar, baki nawa za su ci, wa zai biya kuɗin makaranta, me za a kai wa 'ya ɗaki ranar aurenta. Namiji mai digiri uku zai iya rubuta maƙala a kan zaluncin wasu mazaje, amma wannan lissafi sai wadda ta zauna a tsakar gida ta ga ana yinsa. A 2012 wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar littafin da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Matar da aka ce boko ba nata ba ne, ga shi ana karanta ta a jami'o'in ƙasashen waje.

An yi wa waɗannan marubuta ca a lokacin. An ce adabin kasuwa ne, an ce soyayya ce kawai, an ce suna ɓata tarbiyya. Wani ɓangare na sukar yana da gaskiya, ba zan ɓoye ba: littattafai da yawa sun fito babu wanda ya duba su, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an bar ƙugiya, labari ya yi ta jan ƙafa har littafi na uku don a ƙara ciniki. Sai dai maganin wannan edita ne, mutumin da zai zauna da marubuci su bi rubutun layi-layi. East ya yi wa su Imam wannan aiki, su Balaraba ba su sami mai yi musu ba. Kuskuren ƙa'idar rubutu ana gyara shi a mako guda. Wanda ba shi da abin faɗa kuwa, babu editan da zai iya taimakonsa.

In muka leƙa maƙwabta ma haka za mu gani. Cyprian Ekwensi Ibo ne da aka haifa a Minna a 1921, yana jin Hausa. Ya yi aikin gandun daji, ya koma haɗa magunguna, ya shiga aikin gidan rediyo, kuma yawon dajin nan ne ya ba shi labarin makiyayi Mai Sunsaye da ciwon yawo da ya kama shi. A Nijar, Abdullahi Mamani ɗan ƙungiyar ƙwadago ne kuma ɗan jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira, ya sha ɗauri, sannan a 1980 ya fitar da littafinsa a kan Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Usman Sembene na Senegal ya yi su, ya yi birkila, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa, kuma littafinsa na farko a 1956 a kan ɗan dako baƙar fata ne. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya, bayan an tashi daga ofis yake rubutu.

Wannan na ƙarshe yana tuna mini wata gaskiya da ya kamata matasa su ji. A ƙasarmu da wuya rubutu kaɗai ya ciyar da gida. Masu satar fasaha suna nan, takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya. Saboda haka idan ɗalibina ya ce shi marubuci yake so ya zama, nakan ce masa madalla, to wace sana'a za ka yi? Ba don in kashe masa gwiwa ba. Sana'ar ce za ta ba shi tuwo, ita ce kuma za ta kai shi cikin mutane, ya ji yadda mahauci ke magana da yadda ɗan kamasho ke magana. Sharaɗi ɗaya ne na ga duk waɗanda na ambata sun cika, kowace hanya suka biyo: sun karanta da yawa, ko sun saurara da yawa. Imam ya sha Dare Dubu da Ɗaya da littattafan Larabawa da na Turawa kafin ya ba akunsa baki. Namangi ya haddace abin da masu ido ke dubawa a takarda.

Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, kuma labarin da ya fara cin ta, Sansani, a kan 'yan gudun hijira ne. Na yi murna da wannan, amma har yanzu ina jiran wasu littattafai. Ina jiran na direban tirela da ya yi shekara ashirin tsakanin Kano da Legas. Ina jiran na ungozoma, da na sojan da ya dawo daga Sambisa, da na uwar da ta ga gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Marubutanmu na yanzu da yawa a gidajen masu kuɗi suke ajiye labarinsu, gidajen da su kansu ba su taɓa kwana a ciki ba, alhali shagon da suke wuni a ciki cike yake da labari.

Wanda ma bai iya rubutu ba yana da hanya. Dorugu, yaron da aka kama bawa ya bi wani Bature mai suna Barth har Turai, da baki ya ba da labarin rayuwarsa aka rubuta da Hausa. Baba ta Karo tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tana faɗa ana rubutawa: aure-aurenta, kishiyoyi, bori, harin masu kama bayi, zuwan Turawa. Littafin ya fito a 1954 bayan ta rasu, kuma masu nazarin rayuwar matan Hausawa har yau ba su da kamarsa. A lokacin sai da aka jira baƙuwa ta zo daga Ingila da littafin rubutu. Yau duk gidan da ke da tsohuwa akwai jika mai waya a hannu, kuma kowace waya tana ɗaukar murya.