Dalilin Da Ya Sa Firintar Ofis Take Ɓacewa Daga Hanyar Sadarwa

Sau da yawa a ofisoshi da makarantu akan wayi gari a tarar kwamfuta ta ƙi aika aiki ga firinta, alhali kuwa jiya lafiya lau aka rabu da ita. Fitilarta a kunne, takarda da tawada duk akwai, amma kwamfuta ta nace cewa ba ta ganin ta. Idan hakan ta auku a makon jarrabawa, ga tambayoyi ba a buga ba, sai hankali ya tashi har a fara zancen sayen sabuwa. Galibi kuwa firintar ƙalau take, adireshinta ne ya sauya.

Kowace na'ura da ke cikin hanyar sadarwa tana da adireshi mai rukunin lambobi huɗu, kowanne daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.20. A ƙananan ofisoshi, akwatin nan mai haɗa na'urori da intanet, wato rauta, shi ne yake raba waɗannan adireshi bisa wani tsari da ake kira DHCP, wanda aka fitar a 1993. Abin lura a nan shi ne, ba kyauta rauta take bayarwa ba, aro ne mai wa'adi. Da zarar rabin wa'adin ya wuce, sai na'ura ta nemi ƙari. To, idan wa'adi ya cika firinta tana kashe, kamar a lokacin hutu, rauta tana iya miƙa adireshin ga wata na'ura, ko da wayar wani malami ce. Firinta ta dawo a ba ta sabo, ita kuwa kwamfuta tana ta sallama a ƙofar tsohon gida.

Ɗaukewar wutar lantarki tana ƙara dagula al'amarin. Wasu ƙananan rautoci sukan manta da wanda suka ba wane adireshi idan wuta ta ɗauke. Wani lokaci kuma, da an tayar da janareta, firinta takan riga rauta farkawa; ta nemi adireshi ta rasa mai amsawa, sai ta ba kanta wani mai farawa da 169.254, wanda sauran kwamfutocin ofishin ba za su same ta da shi ba.

Bincike yakan fara ne daga firintar kanta. A sa ta ta buga takardar bayanin saitinta, a karanta adireshin da ke ciki, a kwatanta da wanda kwamfuta ta riƙe. Daga nan sai a rubuta umarnin "ping" tare da adireshin a kwamfuta. Wannan umarni, wanda Mike Muuss ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, ɗan saƙo yake aikawa ya jira amsa. In amsa ba ta zo ba, a duba waya da soket.

Kashewa da kunnawa, wanda mutane suka fi yi, maganin yini ɗaya ne kurum. Abin da ya fi shi ne a shiga saitin rauta a keɓe wa firinta adireshi na dindindin. Ana yin haka da lambar MAC, mai haruffa da lambobi 12, wadda firintar ta zo da ita daga masana'anta, kuma tana cikin waccan takarda da aka buga.