Gadon Kakanni da Ƙibar da Take Komowa

Sau da yawa mutum yakan ƙuntata wa cikinsa wata da watanni, ya rame har tufafinsa su yi masa yawa, amma kafin shekara ta kewayo sai ƙibar ta komo, jama'a su yanke masa hukuncin kwaɗayi da raunin niyya, alhali kuwa jikinsa ne yake yaƙi da ramar. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York a 1994, kuma aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Da zarar kitse ya ragu, ƙwaƙwalwa takan ɗauka fari ya auku, sai ta hura wutar yunwa, ta kuma rage abin da jiki yake ƙonawa ko da mutum yana kwance. Wani nazari da aka yi a Melbon ta Ostareliya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan rama, sinadaran yunwa ba su koma asalinsu ba.

Gado ma yana da nasa rabo. A Kebek ta Kanada, Claude Bouchard ya ciyar da tagwaye masu kama ɗaya, biyu-biyu har sau 12, abinci fiye da bukatarsu cikin kwana 100, ƙari ɗaya ga kowa. Wani kilo 4 kacal ya ƙara, wani ya kai 13, kuma kowane tagwai ya fi kusa da ɗan'uwansa a sakamako. Mu ma hujja tana ƙofar gidanmu, domin Fulani da yawa suna narkar da ɗanyar madara har tsufa, bisa tabi'ar da suka gada daga kakanni makiyaya, alhali wasu maƙwabtansu manoma takan murɗa musu ciki, sai fa kindirmo, wanda tsami ya riga ya cinye wani sashe na sukarinsa.

Sai dai gado yana bukatar muhallin da zai tayar da shi. Ƙabilar Pima ta kasu biyu, asali ɗaya: waɗanda ke Arizona ta Amurka, masu cin abincin kanti, wajen kashi 38 cikin 100 na manyansu suna fama da ciwon sukari, abokin tafiyar ƙiba, a cewar binciken 2006, amma danginsu na duwatsun Meziko, masu noma da hannu, wajen kashi 7 ne kawai.