Daga Sakkwato zuwa Yamai: Kusa a Taswira, Nesa a Tafiya

Tsakanin Landan da Paris akwai kimanin kilomita 340 idan aka ja layi a miƙe, kuma jirgin sama kan cinye wannan tazara cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Wanda ba ya son jirgin sama yana iya hawa jirgin ƙasa na Eurostar, wanda ke bi ta ramin da aka buɗe a ƙarƙashin teku a 1994, ya isa cikin awa biyu da kwata ko ɗan fiye. Abin da ya kamata ya tsaya wa mutumin Sakkwato a rai shi ne, tazarar Sakkwato da Yamai ma kusan haka take. Yamai ta fi Kano kusa da mu a sararin sama, balle Abuja mai kusan kilomita 500. Amma ɗan kasuwar Arkilla a Sakkwato ko malamin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke da taro a Yamai, sai ya kama hanyar Illela, ya tsallaka Birnin Ƙonni, sannan ya fuskanci sama da kilomita 400 ta Dogondutsi da Dosso. Yini guda ke nan, in an yi sa'ar shingaye. In kuwa ya dage sai jirgi, sai ya gangara Abuja ya nemo wani da zai zagaya da shi.

Ba filin jirgi muka rasa ba. Kowace shekara manyan jirage na ɗaukar alhazai daga filin Sultan Abubakar III kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, tafiyar fiye da kilomita 3,500 cikin awa biyar ko makamancin haka. Ke nan maniyyaci kan riga mai zuwa Yamai sauka. Takarda ma an sa mata hannu: Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da suka shiga tsarin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a Addis Ababa a Janairun 2018.

Za a ce fasinjan bai kai ba, Sakkwato ba Landan ba ce. Gaskiya ne, kuma kamfanin jirgi ba ya tashi don zumunci. Sai dai ba wanda ya nemi jirgi kullum. Ƙaramin jirgi mai farfela, mai kujera 50 zuwa 70, sau biyu a mako, shi ne gwajin da ya dace da hanyar da kasuwar Illela, auratayya da neman ilimi suka daɗe da rayawa. Fasinjan da ba a taɓa ba shi jirgi ba, ta yaya aka ƙirga shi aka ce bai isa ba?

Hujjar da ta fi nauyi ita ce siyasa. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ba mai zuba jari a hanyar da sanarwa ɗaya za ta iya toshewa. Don haka aikin farko yana wuyan gwamnatin jihar Sakkwato da 'yan majalisarta na tarayya, su matsa wa Abuja ta zauna da Yamai a kan yarjejeniyar zirga-zirgar sama da za ta sanya sunan Sakkwato a ciki ƙarara.